Jawabin Ranar Litinin

Bompai, Kano
12 ga Maris, 1981

Yaya Ashafa,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Inna? Yaya Kulu da yara?

Ni lafiya lau. Abokan aikina na masaƙa sun zaɓe ni in yi jawabi gaban manaja ranar Litinin, in roƙa mana abin toshe kunne saboda ƙarar injuna. Kullum ina bitar jawabin a bakin injina, inda ko ihu na yi ba mai ji. A nan muryata ba ta rawa. Amma jiya na leƙa ofishin manajan na ji tsit, sai na juyo da sauri.

Ba jawabin nake tsoro ba, Yaya, tambayoyin da zai yi min nake tsoro. An ce manajan a hankali yake magana, ni kuwa kunnena na hagu ya ɗan yi nauyi. Ba wani abu ba ne, zan tsaya yadda zai kasance a damana.

Ka ce Inna ta sa ni a addu'a, amma kada ka yi mata zancen kunnen. In na zo salla, ka riƙa zama kusa da ni kana maimaita min abin da ta faɗa.

Ƙaninka,
Isyaku