Ƙodar da Baba Ya Tanada

Ali Kazaure, Jos
3 ga Yuni

Zuwa ga Uwata Murjanatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Muktar da jikokina biyu da na fi sani a hoto. In kin ga rubutun nan kamar sawun kaza, ki yi haƙuri, aji huɗu na yi a firamare, shi ma rabinsa a bayan shanu na yi shi. Na ba Ishaku direba, mai ɗaukar kabeji daga Farin Gada zuwa Legas, ya kawo miki, don a waya minti biyu kike ba ni, kamar mai auna maganin tari.

Gwaggonki Hanatu ta zo makon jiya. Kin ce kada ta faɗa mini. Ta yi ƙoƙari, wallahi, har ta kai bakin ƙofa, sai ta zauna a kan turmi ta fashe da kuka. Ta ce an je yi miki hoton hanjin nan da kike fama da kumburinsa tun kina 'yar shekara goma sha huɗu, sai aka hango wani abu a ƙoda. Ta ce ciwon daji ne, kuma cire ƙodar za a yi.

Uwata, shekara talatin da biyar na yi ina fawa. Babu likitan da ya riƙe ƙoda a hannunsa kamar ni, sai dai nawa marasa lafiyar ba su taɓa tashi ba. Na san mai kyau, na san wadda ta lalace. Nawa biyu ne, kuma in ban da shayi da goro ba su ga wata wahala ba. Na yanke shawara, ki ɗauki ta dama. Ita ta fi hutawa, don a kan hagu nake kwanciya.

Abokina Datong na Kabong, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati amma bai yi ritaya daga ba da umarni ba, ya ce sai an gwada jinina. Ya hana ni gishiri. Kullum da hantsi sai ya zo ya fitar da ni tafiyar ƙafa, ruwan sama ko babu. Mutane na tambaya, tsofaffin nan ina za su? Na ce musu kiwon ƙoda nake yi.

Ki faɗa mini ranar, in hau motar Ishaku ko a kan kabeji ne. Shekara shida ke nan ban sa ki a idona ba.

Allah ya ba ki lafiya.
Babanki,
Hamman


Agege, Legas
12 ga Yuni

Zuwa ga mahaifina,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, Baba. Muktar da yara suna gaisuwa. Wasiƙarka ta iso, da buhun dankalin. Mun gode, Allah ya ƙara girma.

Abin da Gwaggo ta faɗa gaskiya ne, amma bai kai yadda ka ɗauka ba. Likita ya ce masu irin ciwon hanjina sun ɗan fi sauran mutane haɗuwa da wannan, kuma yawan hoton da ake yi mana shi ya sa aka gano nawa da wuri. Bai bazu ba. Ƙoda ɗaya za a cire, ɗayar tana da lafiya kuma za ta wadatar. Ba dashe za a yi ba. Babu abin da za a karɓa daga jikinka. Ka ci gishirinka daidai gwargwado, ka gode wa Baba Datong.

Maganar zuwa kuma, ina roƙonka ka yi zamanka. Na daɗe ina juya yadda zan faɗi wannan ba tare da na saɓa maka ba. Idan ka zo, za ka ba ma'aikatan jinya dariya, za ka ba dangin Muktar dariya, kuma da ni za a yi dariyar. Kai ne ka fara kirana Gimbiyar Banɗaki a gaban mutane a rumfarka. Sunan ya bi ni makaranta shekara uku, har a kan allo an rubuta mini shi. Ranar ɗaurin aurena ka ce wa surukaina in za su gina mini gida su fara da banɗaki. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. A wannan karon ba ni da ƙarfin yin ta.

Ka yi mini addu'a daga nan, ka yafe mini in na yi kaushi.

'Yarka,
Murjanatu


Ali Kazaure, Jos
20 ga Yuni

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta takardarki sau uku. Na farko na ce tabarau ne ya lalace. Na biyu na ba Datong ya karanta mini, ya kai tsakiya ya cire hularsa ya ce, «Hamman, wannan kai za ka ƙarasa da kanka.» Na uku na ƙarasa.

Ashe ƙodar ma ba a so. Sakamakon gwajin ya fito, sun ce tana nan garau kamar ta ɗan maraƙi. Na yi kwana goma sha bakwai ina cin miya lami a banza. Na shirya kyauta ta farko mai daraja a rayuwata, aka ce in mayar da ita inda na ɗauko.

Bari in faɗa miki abin da ni da marigayiya mahaifiyarki muka ɓoye. Shekarar da ciwon ya kama ki, kin rame har wuyanki ya zama kamar na zabuwa. Wannan ya ce basir, wancan ya ce atuni, mun zuba miki saiwoyi iri-iri kafin asibiti ta gane kumburin hanji ne. A lokacin nan kin san cutar da ake tsoro a gari. Yarinya budurwa, ga rama, ga gudawa ba ta tsayawa. Wata rana ina yanka wa wata mata nama, ta juya ta ce wa ƙawarta a hankali, «'Yarsa ce fa mai ciwon zamanin nan.» Ba su san kunnena na aiki ba a wancan zamanin. Makwabta suka fara hana 'ya'yansu cin abinci kwano ɗaya da ke. Mahaifiyarki ta ce in je gida-gida in yi bayani. Ni da ko sunan ciwon ban iya faɗa ba, wane bayani zan yi? Abin da na iya ke nan, baki. Na ce gara su yi dariyar hanjinki da ƙarfi da su yi raɗar wani abu a ɓoye. Da dariyar ta kama, raɗar ta mutu. Na ɗauka na ci nasara. Ban taɓa tambaya ba wa ya ɗauki nauyinta zuwa makaranta kullum da safe.

Ta ranar aurenki kuwa ba ni da hujja. Babu mai raɗa a lokacin. Na ga za a tafi da ke ne, kuma in ban yi barkwanci ba kuka zan yi a gaban surukai. Na zaɓi fuskata, na bar taki. Ki yafe mini.

Ɗakinki na nan. Na ba mai haya na baya, amma naki na hana. Bishiyar fiyar da kika shuka ta fi katanga tsawo, bana ta yi 'ya'ya har sun karya reshe. Nakan zauna a ƙarƙashinta bayan la'asar in ƙirga motocin da ke shawo kwana zuwa layinmu, ko ɗaya za ta tsaya.

Ba zan zo ba tunda kin ce. Ranar kawai nake so in sani, don in san ranar da zan yi azumi.

Babanki,
Hamman


Ali Kazaure, Jos
4 ga Yuli

Uwata,

Ina gaisuwa. Ishaku ya dawo sau biyu hannu rabbana. Ba ƙorafi nake ba.

Ina koyon shiru. Datong ne malamina. Mukan zauna a barandarsa ya ɗora agogo a kan tebur. Ranar farko minti huɗu na yi, sai akuyarsa ta wuce da tafiya irin ta wani kansila da muka sani, na faɗi jarrabawa. Jiya na yi awa ɗaya da kwata. Matarsa Firisila ta leƙo ta ce, «Oga Hamman, lafiya? Ko in kira likita?» Ban tanka ba. Sai ga hawaye, ban san daga ina ba. Datong ya turo mini kofin shayi.

Ban san ko an yi aikin ba. Gwaggonki ta rantse ba ta sani ba, kuma a wannan karon ba ta zauna a kan turmi ba, don haka na yarda.

Allah ya tashi kafaɗunki.
Babanki


Agege, Legas
9 ga Yuli

Baba,

Ina gaishe ka. Ban yi shiru don fushi ba. Na rubuta amsa sau biyar ina yagawa. Ban san maganar matar nan ba. Na tuna lokacin da aka daina cin abinci da ni, ban taɓa sanin dalili ba, kuma ban lura da ranar da aka dawo ba.

Aikin ranar Talata ne, 18 ga wata, da safe. Ina jin tsoro, Baba. Ban faɗa wa Muktar ba.

Kada ka hau kan kabeji. Muktar ya yi magana da Ishaku, kujerar gaba taka ce, Ishakun zai zo ya ɗauke ka ranar Lahadi. Akwai kujera ɗaya a gefen gadona, mutum ɗaya ake bari. Ka zo ka zauna.

'Yarka,
Murja