Kurmin da Baba Ya Ƙi Nunawa

Zuwa ga yayana Jimbun,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a can bakin aikin jirgin ruwa. Allah ya tsare ka, ya dawo mana da kai. Mu dai muna nan. Matarka Lenya ta warware daga zazzaɓin, an kuma girbe shinkafar tudu, ko da yake ba ta yi auki ba.

Yaya, labarin ba daɗi. Ka san kamfanin manjan nan da ke cinye daji daga gangaren kogin Kapuas. Samarin ƙungiyar kare daji sun zo bara suka ce mu nuna musu duk abin da yake namu su sa a taswira, su kai wa masu sayen manjan a ƙasashen waje, masu yin sabulu da biskit, don sun yi alkawarin ba za su sayi abin da aka noma a kan haƙƙin mutane ba. Muka nuna gonaki da itatuwan durian da muke cin 'ya'yansu da na zuma. Da aka zo kan kurmin kaburbura inda muka binne Inna, Baba ya kafe, ya ce tun kaka da kakanni ba a kai baƙo wurin matattu, ba a kuma nuna su da yatsa. Na roƙe shi, ya ce wai ni da na yi boko har na fi shi sanin matarsa. Ka san Baba, in ya ce a'a, ko ruwan sama sai ya haƙura.

To, wurin ya fito fari fat a takarda. Ranar Talata katafila ta shiga kurmin. Manajan kamfanin ya ce shi bai ga laifinsa ba, taswirarmu ya bi. Gudun gara, mun faɗa gidan zago.

Jiya Baba da kansa ya ja samarin har can, ya ce su ɗauki hoto, zai kira sunan kowane mamaci. Ya yi ta zagaye cikin jar ƙasa, bai gane inda Inna take ba. Wallahi zuciyata ta ƙone, kuma har yanzu ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa. Samarin sun ce za su kai ƙara wurin masu sayen, amma ƙara ba ta tayar da itace.

Lenya da Kawu Unggang da Goggo Rantai suna gaishe ka. Baba ma yana gaishe ka. Ya ce tunda kai ne babba, ka fara tunanin inda za ku kai shi in tasa ta zo.

Ƙanwarka,
Sinja