Kada a Taɓa Kason Safwan

Da sunan Allah mai rahama. Ni Zuhura Abduljalil, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, a Zongon Wagadugu, nake barin wannan wasiyya da hankalina garau. Ƙafafu ne suka ƙi, kai kam yana nan. Zuwa ga 'ya'yana Al'amin da Adawiyya, da autana Safwan in Allah ya sa ya gani.

Na ɗaya. A raba gida yadda shari'a ta ce, amma kada a taɓa kason Safwan, kada a sa ɗan haya a ɗakinsa.

Na tsufa ina koya wa yara cewa ƙasa mai cin gashin kanta abu huɗu ce: yanki mai iyaka, jama'a, gwamnati, da ikon da babu na sama da shi a cikinta. Wanda ya manta ɗaya ya sha ranƙwashi, ku ma kun sha. Na koya musu cewa aikin gwamnati na farko shi ne tsare ran mutum. Safwan ya haddace tsaf, ya girma ya zama malami, aka tura shi wani ƙauye a arewa. 'Yan bindiga suka rufe lakwal ɗin, suka tare hanya. Tun daga nan ko muryarsa ban ƙara ji ba.

Babu ofishin da ban je ba. Ko'ina sai in tarar da ɗalibina a bayan tebur, ya miƙe ya ba ni kujera, ya kasa haɗa ido da ni. Ƙauyen yana cikin taswira, amma babu mai iya zuwa. To wa zan yi wa faɗa? Haka nake dawowa gida da baƙin cikina.

Na biyu. Al'amin, kai kana so a yi masa sadaka a rufe magana. Adawiyya, ke kin daina gaishe da yayanki saboda haka. Haba! Dukanku kuka kuke yi, kowa da irin nasa. Ni da na haife shi ban san wanda yake da gaskiya a cikinku ba. Ku shirya tun ina da rai.

Na uku. Nabila matarsa yarinya ce, ta yi zaman jira har ta rame. Ranar da ta ce ta gaji, Al'amin ka kai ta gaban liman da kanka, a warware mata yadda addini ya tanada. Wanda ya yi mata gori ban yafe ba. Wallahi rubuta wannan ya fi mini ciwon ƙafa zafi.

Na huɗu. Littattafaina a kai wa Rasmane, ɗalibina mai koyarwa a unguwar Tampuy. Ya ci gaba da koyar da abu huɗun nan. In wani yaro ya tambaye shi me ya sa ƙauyensu ba kowa, kada ya ranƙwashe shi. Ni ma ba ni da amsa.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya zaunar da ƙasar nan lafiya. Ku riƙe juna, kada gidan nan ya watse. In ɗan'uwanku ya dawo ya tarar ba ni, kada ku gaya masa a bakin ƙofa. Ku bari ya sha ruwa, ya ci abinci tukuna.