Alamar Tambaya a Sunan Mamman

Tambuwal,
14 ga Yuli, 2003.

Zuwa ga Yaya Attahiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da sauran 'yan'uwa da ke nan Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ka daga sharrin baƙunta. Inna tana lafiya, sai ƙafar nan da ke taso mata in an yi ruwa. Gero ya yi kyau a gonar hanyar Jabo, har mun gama maimai. Da a ce labarin da zan ba ka ke nan, da na ji daɗin rubuta wasiƙar nan. Amma jini ya zuba a shagonmu, Yaya, kuma kwamfutar da ka aiko mana daga Kwatano ce sanadi.

Ka san Bube, ɗan Gwaggo Na'inna ta Kebbe, shi ke buga wa mutane takardu, ni ina wajen firinta da janareta. Ka kuma san yadda ya koyi aiki a kan tafireta: idonsa na kan takardar da aka ba shi, yatsu na gudu, ba ya kallon gilashin kwamfutar ko kaɗan. Da wannan yake alfahari, har yana yi mini dariya wai ina tsintar baƙaƙe kamar kaza. To wata Laraba, mako uku da suka wuce, da hantsi sai ga Ɗan'iya mai albasa, an yi masa haihuwar fari, yana son katin suna. Kada ka manta da irin maganar da 'yan gulma ke yi a kansa tun muna yara, cewa an haife shi ne bayan mahaifinsa, marigayi Mamman, ya daɗe a Kurmi wajen cirani. Allah ya isa tsakaninsa da masu wannan baki. Bube ya buga, ya tura firinta, ni kuma na zaro takardar na miƙa wa mai ita, hankalina na kan janareta da ke tari.

Abin da ya fito ba Hausa ba ne, ba Turanci ba. Duk inda aka buga a, sai q ta fito. Da wannan kaɗai ne, da dariya za a yi. Amma Ɗan'iya ya bi layi da yatsa, ya gane sunansa duk da ya karkace, sai ya zo inda sunan mahaifinsa zai zauna. Babu Mamman. A gurbin babban baƙin farko akwai alamar tambaya ƙatuwa, sai waƙafi biyu a tsakiya. Ɗan'iya ya yi firamare, ya san abin da alamar tambaya take nufi. Ya tambayi Bube ko ubansa ne yake tambaya. Bube bai ga takardar ba, sai ya ɗaga kai yana murmushi, wai me ya faru.

Wannan murmushin ne ya cuce shi. Ɗan'iya ya damƙe masa hannun dama a kan tebur, ya ɗauki babban kwaɗon da muke kulle shago da shi, ya shiga dukan yatsun kamar mai fasa goriba. Na ji ƙarar ƙashi da kunnena, Yaya, kuma har yau ina jin ta. Ni ma ban tsaya tambaya ba, na sunkuci benci na maka wa Ɗan'iya a ka, goshinsa ya tsage, jini ya rufe masa ido, amma bai saki hannun ba sai da maƙwabta suka ɓamɓare shi. Jininsu duka biyu ya cika tsakanin maɓallan kibod. Aka ɗauki Bube zuwa wurin mai ɗori yana sumewa yana farfaɗowa.

Kafin la'asar labari ya isa Kebbe. Washegari Dikko, wan Bube, ya shigo gari da samari a kan babura, da adduna da gorori. Suka banka wa rumfar albasar Ɗan'iya wuta, suka sari wani da ya zo kashewa a kafaɗa. Ɗan'iya ya ɓuya a gidan mai unguwa. Mutanensa kuwa suna yawo da takardar daga majalisa zuwa majalisa, duk wanda ya ga alamar sai ya ce ai Bube ya ci sa'a da aka bar shi da rai. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Dikko kansa ya yarda ƙanensa ne ya rubuta, har yana cewa in ma ya rubuta ai gaskiya ya faɗa, kuma shi sai ya cire hannun Ɗan'iya daga wuyan hannu. Da ƙyar mai unguwa ya roƙe shi ya dakata zuwa bayan sallar Juma'a. Na rantse musu cewa na'ura ce ta yi, suka ce na'ura ba ta san uban kowa ba.

Sai na koma shago na rufe ƙofa, ni da ita. Na kashe na kunna, tana nan yadda take. Na goge jinin, na hure maɓallan, na kife kibod ɗin na bubbuga, ba abin da ya sake. Na hau babur zuwa Dogon Daji na aro wani kibod, na jona, sai ga q ɗin nan tana kallona. Nan na gane ciwon ba a kibod yake ba, yana can cikin cikinta. Wani ya ce cuta ce ta shiga, wani ya ce sammu aka yi mana, Inna har ta aiko da rubutu a kwano wai a yayyafa mata. Wallahi sai da na ɗaga taɓarya zan farfasa ta. Abin da ya tsayar da ni shi ne, in na fasa ta, na fasa shaidar Bube. Na zauna ina danna baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Baƙin a da baƙin q sun yi musaya, w da z sun yi musaya, m ta zama waƙafi, babbarta ta zama alamar tambaya, saura kuwa kusan duk suna inda suke. Na ce wa kaina aljani ba ya ɓarna da tsari haka.

Can ƙasan gilashi, kusa da agogo, na lura da wani ɗan akwati shuɗi da FR a ciki, wanda ban taɓa kulawa da shi ba. Da safiyar Juma'a na je na ɗauko Malam Hassan mai koyar da Faransanci a sakandare. Yana gani ya ce ai haka jerin baƙaƙen Faransawa yake, haka ya gan shi a tafiretocin Yamai. Muka danna akwatin muka zaɓi EN, rubutu ya dawo garau. Da muka yi ta gwaji, muka gano maɓallai biyu ne a ƙasa ta hagu, in aka danne su tare sai ta juya harshe. Ko wajen share ƙura hannu zai iya taɓa su. Yaya, ashe da Faransancinta ka sayo ta, yana kwance a ciki, kuma wanda ya sayar maka bai ce uffan ba.

Bayan an sauko daga masallaci muka ɗora ta a kura, da janareta, har zauren mai unguwa. Dikko na tsaye da addarsa a bakin ƙofa. Na mayar da ita Faransanci, na ce Ɗan'iya ya zo da kansa ya buga sunan mahaifinsa. Ya taso da rawanin bandeji a ka, na nuna masa babbar M, ya danna da yatsansa, alamar tambaya ta fito a gaban kowa. Na danne maɓallan nan biyu, na ce ya sake. Mamman ya fito cikakke. Sai ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro, yana cewa a kai shi wajen Bube, ya kashe shi in ya so. Dikko ya daɗe yana kallon gilashin, sannan ya miƙa wa mai unguwa addar ya fita. Ban yafe wa Ɗan'iya ba, amma a ranar na ji tausayinsa, don mutanen garin nan ne suka yi shekaru suna wasa masa wannan wuƙar.

An kashe wutar rikici a gari, amma ɗori bai ci ba. Hannun ya kumbura ya fara wari, muka kai shi asibiti a Sakkwato. Likita ya ce mun makara, an yanke manuniya da ta tsakiya, sauran ma ba su lanƙwasuwa. Yana gida wajen Inna, ba ya fita, kuma ya hana a ambaci shago a gabansa. Don Allah in ka samu hutu ka zo, kai kaɗai yake jin maganarka.

Ka gaida Yaya A'isha da su Atu, ka shafa mini kan auta. Inna tana sa maka albarka, Gwaggo Na'inna da Inno suna gaisuwa. Bube ma ya ce shi zai rubuta maka gaisuwarsa da kansa. Na ba shi biro, ya yi ta ƙoƙarin riƙewa yana suɓucewa. Wannan ɗan layin da ka gani a karkace a ƙasan sunana, nasa ne.

Wassalam. Ni ne ƙanenka,
Jumare.