Tayar da Isufu Bai Sata Ba

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ina roƙon a ɓoye sunana, kuma ina roƙon wanda zai yanke mini hukunci ya bari sai ya kai ƙarshe. Sunayen da zan ambata ba na gaskiya ba ne. Garin dai na gaskiya ne, Dakoro. Aikina karanta labarai da sanarwa a wani gidan rediyo, don haka zan faɗi abin yadda na saba: yaushe, a ina, su wa ke wurin.

Ranar wata Laraba ce da hantsi, a wani filin sayar da motoci a Maradi. Mu biyu ne, ni da dillali, sai kawuna a waya daga Dakoro. Kawu yayan mahaifiyata ne, fataucin dabbobi yake yi, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya sa ni lakkwal, wato makarantar boko, har na gama. Ciwon suga ya kama shi, likita ya ce duk wata sai ya je Maradi, tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya kuwa girgiza shi take yi har ƙashi. Sai ya ce in je in zaɓo masa ƙaramar mota, tunda ni ne mai karanta Faransanci a gidan. Sharaɗinsa ɗaya ne: "Wadda ba ta barina bisa hanya, ka ji ko? Ni ba ruwana da kyau."

Motoci biyu ne suka dace da abin da ya ware, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko fara ce, irin wadda malaman makaranta da ma'aikatan asibiti ke hawa, ta kamfanin da kowane makaniki a garinmu ya san cikinsa. Amma ita wannan an cika ta da komai: sanyin kilim, na'urar sanyaya mota, yana kaiwa har kujerar baya inda Kawu zai zauna, akwai kamara mai nuna baya, akwai kirik na ɗaga mota, akwai sakur, wato tayar ajiya, sabuwa fil. Ta biyu baƙa ce, ta kamfanin motocin manya, amma ita ce ƙaramar 'yar gidansu, wadda aka cire wa duk abin da za a iya cirewa aka bar tambarin gaba. Ba kamara, kilim ɗin bai wuce kujerun gaba ba, kujerun kuma na roba mai kama da fata, irin da ke ƙona baya in mota ta wuni a rana. Dillalin bai cuce ni ba, wannan dole in faɗa. Ya buɗe kofur, ma'ajiyar kaya ta baya, ya nuna mini wani murfi a ƙasa, ya ce, "Malam, ka sani, wagga ba ta zuwa da sakur. Ramin yana nan ƙarƙashi amma wayam, sai wani ɗan famfo. Can inda aka ƙera ta in taya ta fashe waya suke yi a zo a ɗauke su. In don tsoho ne mai zirga-zirga, farar ka ɗauka."

Na ji shi sarai. To me ya hana ni? Na san duk motar da Kawu ya saya, ni zan riƙa ara ranar Juma'a da ranar ɗaurin aure. Shekaru ke nan mutane suna jin muryata daga Azagor har Ɗan Gulbi, suna zaton wani babban mutum ne, in suka gan ni a kan babur mai hayaƙi sai fuskarsu ta sauya. Wata tsohuwa ta taɓa dubana sama da ƙasa a bakin kasuwa ta ce, "Wanga na? Ashe muryar ce kawai." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ba ta fita daga raina ba. A filin nan na tsaya ina kallon inuwata a jikin baƙar motar. Sai na kira Kawu na ce farar an riga an saye ta da safe, saura baƙar, kuma ta fi ƙarfi. Ya ce, "To, Allah shi sa alheri, kai ka gani."

Da na shigo da ita Dakoro, 'yan fadar shayin ƙofar gidanmu suka miƙe tsaye. Har wanda bai taɓa gaishe ni ba ya zo ya shafa tambarin. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Mutum ɗaya ne bai tsaya kallon tambari ba, Isufu, direban Kawu. Magidanci ne, ya girme ni, da mata da 'ya'ya mata uku. Tun ina lise, wato babbar sakandare, yake tuƙa Kawu, shi ya kai ni Maradi jarrabawa, ya jira ni a rana har na fito. Duk da haka Malam yake ce mini. Ya zagaya motar, ya buɗe kofur, ya ce, "Malam, ina sakur ɗinta?" Kawu na tsaye kusa, mutane na ji. Me zan ce? In ce na kawo wa mai ciwon suga motar da ba ta da tayar ajiya, bayan ya gaya mini sharaɗinsa? Na nuna murfin na ce tana ƙarƙashi, amma kada ya taɓa sai ranar buƙata, don akwai wayoyin lantarki a wurin, in aka tsinke ɗaya motar ba za ta ƙara tashi ba. Ya janye hannunsa da sauri kamar ya taɓa garwashi. Bai taɓa tuƙa irinta ba, ni kuma na yi karatu, don me zai yi musu?

Na yi niyyar sayo tayar a ɓoye in saka, Allah ya sani. Na kira dillalin, ya ce irin ƙarfen ƙafarta sai an aiko daga Yamai, kuma da tsada. Na ce sai ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo na ce sai na gaba. Kuma in an gan ni na shigo gari da taya, me zan ce ta mece ce? A haka na bar maganar, ina ara ranar Juma'a, ina sauke gilashi ina amsa gaisuwa.

Ranar da abin ya faru ba na cikin motar. Isufu ya ɗauki Kawu za su ganin likita, sun wuce Sabon Maci kaɗan ƙafar gaba ta faɗa rami, taya ta yage. Rana tsaka. Isufu ya ce wa Kawu kada Alhaji ya damu, yanzu za a sauya. Ya yi bisimilla ya ɗaga murfin a hankali don tsoron wayoyin da na ce, ya tarar da rami zagayayye, wayam. Kawu ya zauna gindin wata aduwa har jikinsa ya fara rawa, ba abinci, maganinsa kuma na neman abinci. Daga ƙarshe wata motar kasuwa mai ɗauke da awaki ta tsaya. Mutanen Dakoro ne a ciki. A gabansu Alhaji ya bar motar manya a gefen hanya, aka kama hannunsa aka hau da shi cikin awaki. Bai ga likita ba ranar. Kafin ya iso gida labari ya riga shi.

Washegari bayan la'asar aka zauna a zauren Kawu. Akwai Kawu, da babban ɗansa, da wani amininsa, da Isufu, da ni. Kawu ya ce, "Isufu, mi na rage ka da shi? Makulli hannunka shike kwana, kai ka kai ta wanki, kai ka kai ta shan mai. Ina tayar?" Isufu ya ce, "Alhaji, wallahi ban taɓa ɗaga murhin nan ba sai jiya. Malam ya ce kar in taɓa. Ga shi nan, a tambaye shi." Duk suka juyo gare ni. Kawu ya ce, "Da ka kawo ta, akwai taya ciki ko babu?" Ina da lokaci. Ba wanda ya matsa mini, ba wanda ya ɗaga murya. Na duba fuskar Kawu, har yanzu da alamar wahalar jiya, na tuna in na ce babu, tambaya ta gaba ita ce ko na sani, ta gaba kuma ita ce farar motar. Na ce, da muryar da nake karanta labarai, "Da na kawo ta akwai."

Isufu bai yi ihu ba. Ya dube ni kawai kamar yana ƙoƙarin tuna wani abu, sannan ya ce wataƙila a wurin wanki aka cire, ko a garaji. Kun ji? Ko a lokacin bai zarge ni ba, wasu yake nema. Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Kawu ya ce ba ya sa talaka rantsuwa don taya, ya yafe, amma ya ajiye makulli. Aminin Kawu ya ce ai da jandarma aka kira. Ɗan Kawu ya ce, "Baba ya kusa mutuwa bakin hanya don taya guda." Isufu ya ajiye makullin a kan tabarma, ya sa takalminsa ya fita.

Ku da ke manyan birane wataƙila za ku ce ai wani zai gane irin motar ba ta zuwa da sakur. A nan ba wanda zai yarda. Wani matafiyi ya faɗi haka a garaji, aka kwashe da dariya, aka ce motar miliyoyi babu tayar ajiya, to ramin na mene ne, na dafa shayi? Ramin nan shi ya zama shaida a kan Isufu. Yanzu sunansa a tasha Mai Sakur. Ya nemi tuƙi wurin mutum uku da na sani, kowa ya ce sai ya yi shawara. Wa zai ba da motarsa ga wanda ya sayar da tayar ubangidansa marar lafiya? Matarsa ta daina zuwa biki a unguwarmu. Ni kuwa? Da aka samo taya daga Yamai aka gyara motar, Kawu ya kira ni ya danƙa mini makulli, ya ce, "Riƙe, kai kaɗai na yarda da kai yanzu." A ƙofar gidana take kwana. Abin da na so ke nan tun a filin Maradi, na samu, kuma ba na iya duban tambarin.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wanda ya biyo baya. Isufu ya zo gidan rediyo, a wurin aikina, ya ce yana son a yi masa sanarwa kamar yadda ake yi in raƙumi ya ɓata. Ya biya, ya zauna ya faɗa ina rubutawa: duk wanda ya san ya sayi taya daga hannun Isufu direba, ko ya ga wanda ya cire ta, don Allah ya fito ya faɗa, ba za a tuhume shi da komai ba. Da muka gama ya ce, "Malam, kai ka karanta ta da kanka don Allah. In kai ka faɗi, mutane yarda suke." Na karanta. Ban yi tuntuɓe a kalma ko ɗaya ba, abokin aikina har ya ce na fito da ita da kyau. Wane irin mutum ne zai iya haka? Ba wanda ya fito, tunda babu tayar da za a fito a kanta. A tasha aka ce mai sayen ya ji tsoro ne, Isufu kuma ya ƙara wa kansa rashin kunya.

Na auna abin ta kowane gefe, kuma duk inda na juya kaina nake tausayawa, wannan ma wani abin kunya ne. In na gaya wa Kawu, ba ƙarya ɗaya zan tona ba, uku ne, ga mutumin da ya ciyar da ni, yana cikin ciwo, kuma mahaifiyata a gidansa take zaune. In maganar ta fita gari, wa zai ƙara yarda da labarin da na karanta? Ba ni da gona, ba ni da garke, muryar nan ita ce abincin 'ya'yana. Na yi tunanin in sayi taya in ce an tsinta, amma hakan cewa ne an sace ta, sunansa bai wanku ba. Na yi tunanin in riƙa aika wa iyalinsa hatsi a ɓoye. Hatsi zai cire masa Mai Sakur? Ko matata ba ta sani ba, ita da take cewa Allah ya tona asirin Isufu tun kafin ya kashe mana Kawu.

Ban rubuto don a ce mini Allah mai gafara ne ba, na sani. Haƙƙin mutum ne a wuyana, kuma mutumin yana raye, unguwa biyu tsakaninmu. In fara da Kawu ne, ko da Isufu? In faɗa a zaure inda na yi ƙaryar, gaban waɗanda suka ji ta, ko a rediyo inda dukan gari zai ji? Akwai hanyar da zan wanke shi ba tare da na kashe tsohon nan da baƙin ciki ba? Me zan yi?

Lokaci ya ƙure. Isufu ya yanke shawarar tafiya arewa wajen masu haƙar zinariya, ya ce can ba wanda ya san shi. Jiya ya zaga dangi da maƙwabta yana sallama, ya biyo ta gidana. Ya tsaya kusa da motar, ya ce, "Malam, tahiya ta kama. In na taɓa saɓa maka, ka yahe mini." Na ce na yafe. Motarsu za ta tashi ranar Asabar.