Fitilar Ba Ta Mutu Ba, Ɗana Ya Mutu

Zuwa ga Hajiya Habi, mai filin shawara,

Assalamu alaikum. Ki taimake ni da amsa, don shekara goma sha huɗu ke nan ina yawo da tambaya guda cikin Dakoro, duk wanda na tara sai ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri. Haƙuri ba amsa ba ne. Na tambayi liman, na tambayi likita, har mai unguwa na tsayar bisa hanyar kasuwa. An ce mani ke kina faɗin gaskiya ko ba daɗi. Ba zan ɓoye maki ba, ban so kai maganata gun mace ba, amma mazan sun gaza. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, allo ma ban yi nisa ba. Abarci mai rubuta wa mutane takarda shi ke rubuta wannan, na kuma gaya mashi in ya gyara mani magana ko guda ban yafe ba.

Ni mahaƙin rijiya ne, ɗan mahaƙi. Daga Birnin Lalle har Ɗan Gulbi akwai rijiyoyin da Fulani da Buzaye ke shayar da dabbobi yau, ni na fara saran ƙasarsu. Rijiyar ƙasarmu ba irin ta fadama ba ce da za ka leƙa ka ga fuskarka. Gaba talatin, gaba arba'in, in kana gindi ka ɗaga kai, bakin bai fi faifai ba. Aikin yana da doka, kuma dokar ce ta sa ubana ya mutu bisa tabarmarshi, ba cikin rami ba. Ba a sauka sai an zura fitila da wutarta har ƙasa. In ta mutu, iska ta ɓaci, sai a ɗaura reshe mai ganye ana ja ana saki har ta gyaru. In wuta ta tsaya, bismillah. Sannan mace ba ta ƙetare tulin ƙasar da aka fiddo, ba ta kuma sa baki ga mai sauka. Haka muka tarar, haka muka yi.

'Ya'ya biyu Allah ya bar mani, Jimrau da ƙanwarshi Fadimata. Jimrau tun yana shekara sha biyar yake gane ƙasar da ke kusa da ruwa da ɗanɗanon harshe. Fadimata kuwa uwarta ta sa ta lakwal ina can daji wurin aiki, na dawo na tarar an gama. Ta yi ta wucewa har lise, babbar sakandare, ajin lissafi da kimiyya, inda aka ce 'yan mata uku ne kawai cikin maza. Tun lokacin ba a cin tuwo lafiya gidana, kome sai ta ce ga dalilinshi.

Ranar da abin ya faru muna yasar wata tsohuwar rijiya kusa da gari. Ruwa na shigowa ya fi ƙarfin guga, sai Jimrau ya aro injin jan ruwa mai shan esansi, wato fetur. Daga sama tiyo bai ja ba, zurfin ya yi yawa, sai muka ɗaure injin muka zura shi ciki, muka aza shi bisa katako, aka tayar. Ruwa ya fara fita kamar wasa. Ni da hannuna na zura fitila, injin na aiki. Ta kai ƙasa, na jira, na jawo ta. Wuta tsaye, ko rawa ba ta yi ba. Na ɗaga kowa ya gani, mutum goma sha biyar, wasu suna raye, a tambaye su.

Fadimata ta kawo mana fura. Maimakon ta aje ta juya, sai ta ƙetare tulin ƙasa, ta kama rigar wanta tana ihu, wai kada ya sauka, wai hayaƙin injin zai kashe shi, wai fitila ba ta ganin irin wannan guba, an koya masu. Gaban maza, gaban masu rijiya, ɗiyar da na haifa tana kiran mutuwa bisa kan mai sauka. Na naɗe bakin igiya na zuba mata a fuska. An ce tabon na nan har yau. To ya zauna. Jimrau ya yi dariya, ya ce mata ta tafi gida ta karanta wa awaki, ya ɗaura igiya ga ƙugu ya sauka.

Bai kai a sha shayi kofi biyu ba igiya ta yi nauyi hannuna. Muka ja. Ba rauni jikinshi, ba ƙasa ta rufta ba, ko ruwa bai sha ba. Kamar mai barci.

To ki gaya mani, mai hankali me zai ce? Fitila ta ce lafiya, Fadimata ta ce mutuwa, mutuwa ta zo. Na faɗa gaban matan da suka zo gaisuwa cewa bakinta ya kashe shi, kuma ban janye ba. Ranar sadakar uku na tattara littattafanta na cusa su murhu, da su aka dafa abincin sadakar. Na ce ta bar mani gida. Gwaggonta ta Maradi ta ɗauke ta, wai tausayi. Da uwarta ta rasu shekara huɗu baya ga haka Fadimata ta zo, na ce iyakarta ƙofar gida. Nan ta tsaya cikin rana har aka fito da gawa. Mutane sun ce na yi tsanani. Su ɗansu na nan yana ci masu tuwo.

Yanzu an ce injiniyar ruwa ce. Tana yawo cikin mota da hular ƙarfe, maza na ce mata madam, suna huda ƙasa da inji kwana uku su samu abin da nake wata huɗu ina nema. Aikinmu ya mutu, ita da ire-irenta suka binne shi. Shinkafar da take aikowa kaji nake zuba wa. Rigar sallah da ta aiko bara na shimfiɗa wa jaki.

Abin da ya sa na zauna gaban Abarci yau shi ne Kausar, ɗiyar Jimrau. Shekararta biyu da ubanta ya rasu. Uwarta ta yi aure Kornaka, ni na riƙe ta. Idona ya yi yana, ita ke dafa mani, ita ke kama sandata zuwa masallaci. Na bar ta ta yi lakwal don kowa na yi, na ce ta iya karanta takardar likita ya isa. Bana ta ci jarrabawar burebe ta gama ƙaramar sakandare, an ce ita ta fi kowa lissafi. Malamarsu ta zo har gida tana washe baki, wai yarinyar nan kan injiniya gare ta, a kai ta lise ta kimiyya Maradi, ta zauna hannun gwaggonta Fadimata. Da ma na ga alama, don rediyona sau biyu tana buɗe cikinshi ya tashi, maƙwabta har fitilunsu masu cajin rana suke kawo mata.

Watan jiya tana zuba mani ruwan alwala ta tambaye ni yadda ubanta ya mutu. Na gaya mata kamar yadda na gaya maki. Sai ta ce wai Baba tsoho, ai gwaggo ta yi gaskiya, akwai shi cikin littafinsu. Magana guda, murya guda, kamar an tono Fadimata an aje mani gabana. Na ce mata ashe kare na goya, mai lasar hannun wadda ta kashe ubanta. Na karɓe takardar burebenta na kulle cikin akwatina, ƙarƙashin fitilar nan, don har yau tana wurina. Na ce in ta taka Maradi kada ta zo kan gawata. Ba ta yi kuka ba. Tana dafa abinci, tana kama sanda, amma kwana ashirin ke nan ban ji muryarta ba in ba sallama ba.

Juma'a mai zuwa Fadimata za ta zo da takardar shiga lise da ba ta wucewa sai na dangwala yatsa, ni ne waliyyi. Ba zan dangwala ba. Lakwal ta cinye mani ɗiya, bakin ɗiyar ya cinye mani ɗa, ba zan miƙa ta uku ba. In kuwa ba bakinta ba ne, to me ne? Ni na zura fitila, ni na riƙe igiya, ana so a ce ni ne? Abarci ya tsaya da rubutu yana kallona, na ce ya ci gaba.

Kada ki ce mani in yi haƙuri, na ƙoshi. Kada ki ce ajali, na san ajali kafin a haife ki. Fitilar ba ta mutu ba, ɗana ya mutu. Wani ya tsaya ya amsa mani kafin Juma'a, me ya kashe Jimrau?

Tsohon mahaƙi, Dakoro

*

Wa alaikumus salam, Baba.

Allah ya ji ƙan Jimrau, ya kai haske kabarinsa. Ka ce kada in ba ka haƙuri, to ba zan ba ka ba. Ga amsa, kuma sai da na kai wasiƙarka wurin likita da malamin kimiyya, bakinsu ya zo ɗaya.

Hayaƙin injin ne ya kashe ɗanka. Dokar fitila da ka gada ba ƙarya ba ce, ta raya mahaifinka, ta raya ka. Tana gane iskar rijiya da ta ɓaci da kanta, irin wadda wuta ba ta iya ci a cikinta. Amma injin esansi yana fitar da wata guba dabam, ba ta da launi, ba ta da wari, kaɗan daga cikinta ya isa ya kwantar da ƙato, alhali fitila na ci lafiya lau a gefensa. A fili iska na kwashe ta. A rami mai zurfin gaba talatin taruwa take yi. Mutum ya ji jiri, ya yi kamar barci, ba rauni, yadda ka ga Jimrau. Mahaifinka bai bar maka dokar wannan ba domin a zamaninsa ba a zura inji cikin rijiya.

Ba ka kashe ɗanka da gangan ba, Baba. Ka yi duk abin da ka sani, kuma maza goma sha biyar da ke wurin ba wanda ya fi ka sani. Amma a ranar akwai mutum guda da ya san abin da ke gindin ramin nan, yarinya ce 'yar shekara sha bakwai, ta san za ta sha duka ta ƙetare tulin ƙasa duk da haka, domin ta fi son wanta da fuskarta. Ba kiran mutuwa ta yi ba, hanya ta tare mata. Ina zaton wasu daga cikin waɗanda ka tambaya sun san haka, suka ji tausayinka suka yi shiru. Fadimata ce ta biya wannan shirun, shekara goma sha huɗu, har da tsayuwa a rana ranar da aka fito da mahaifiyarta. Kai ma ina jin ka hango amsar, shi ya sa Abarci ya ɗaga kai.

Ban raina tsoronka ba. Ido ya tafi, sana'a ta tafi, wadda ke kama sandarka ita ma ana so a ɗauke. Wannan abin dubawa ne, kuma ba daidai ba ne a zo da takarda a tafi da yarinya a bar ka kai kaɗai. Ka faɗe shi fili ranar Juma'a, a tsara wanda zai kula da kai. Ka nemi Fadimata ta kai ka likitan ido a Maradi, domin yana sau da yawa ana cire ta mutum ya koma gani. Amma ba za a gyara idonka da rufe na Kausar ba. Yarinyar da ke tayar da rediyo ba wanda ya nuna mata, jinin mahaƙa ne a jikinta, irin na Jimrau mai gane ƙasa da harshe. Ƙasarmu na buƙatar ire-irenta, kuma har gobe akwai masu zura inji a rijiya suna dogara da fitila. Kai da Fadimata kuka fi kowa cancantar ku tara su ku gaya musu. Kai za su saurara, ita ta san dalili.

Kada ka jira Juma'a. Yau ka buɗe akwati, ka ɗaga fitilar, ka miƙa wa Kausar takardarta, ka janye maganar gawa da ka yi mata, domin irin wannan magana ba ta barin yaro ya yi karatu da kwanciyar rai. Ran Juma'a kuma kada Fadimata ta tsaya ƙofar gida. Ka sa a shigo da ita, ka kira ta kusa. Idonka ba zai ga tabon ba, ka sa hannu ka taɓa shi. Sannan ka faɗa mata da bakinka cewa ba ita ba ce, ka kuma maimaita a gaban matan da suka ji ta farko. Ko ta yafe nan take ko sai daga baya, wannan nata ne, kada ka tilasta mata. Yatsan da ya taɓa tabon, da shi za ka dangwala.

Allah ya ba ka ƙarfin yin haka, ya buɗe maka ido, ya yi wa karatun Kausar albarka, ya sa ka ji muryarta a gidanka tun kafin ta tafi.

Hajiya Habi