Kada Baba Ya Ga Kashi Na Tara

Yaya Guilan,

Sun yanke maganata daga fim ɗin. Ya jikin Baba? Ni lafiya lau, yawancin kwanaki ina cin abinci.

Shekara goma sha ɗaya ina fitowa a matsayin gawa a finafinan Hengdian, sai bana aka ba ni jimla biyu in faɗa a kashi na tara. Yanzu hotona kawai ya rage, da baƙin ƙyalle, bisa akwatin gawa. Ko jan ambulan na kuɗin korar rashin sa'a, da ake ba wanda ya fito a mamaci, ba su ba ni ba. Mataimakin darakta ya ce, “Haba Changlin, kai da ka saba mutuwa?”

Baba ya gayyaci maƙwabta kallo, kuma kin san zuciyarsa. Ki taimake ni, Yaya, ki ce masa talabijin ta lalace.

An ce Alhamis za a nuna. Tashar ba ta tabbatar ba tukuna.

Ƙaninki,
Changlin